Bindigar da Yaya Ilu ya zaɓa

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka binne yayana Ilu a Anacha. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina, amma bana shirun ya gagare ni, saboda wata tsohuwar bindiga.

Mu 'yan albasa ne. A Kasuwar Ose Okwodu na buɗe ido na ga Yaya yana ciniki da harshen Ibo kamar a can aka yanke masa cibiya. Da rikici ya ɓarke muka tsallaka kogin Kwara da kayan jikinmu, muka bar buhuna a rumfa. Da yaƙin basasa ya ƙare, abokansa suka ce su da kudu har abada, shi kuwa ya ce zai koma. Taurin kai ne da shi, Allah Ya jiƙansa. Na bi shi, don ban taɓa iya yi masa musu ba.

Gidan da muke haya a unguwar Fegge mun tarar da shi babu rufi. Muna kwashe ɓaraguzai muka tono bindigogin soja uku, irin masu katakon nan da sojoji ke kira mak-fo. Na ce mu miƙa su duka ga hukuma mu huta. Ya miƙa biyu, ya ɓoye ɗaya. Abin da ya ƙara ba ni haushi, mafi muni ya zaɓa, katakonta a tsage, bakinta duk tsatsa. Na ce, "Yaya, in ma masifar za ka jawo mana, ai ka jawo mai kyau."

Bai kula ni ba, sai ya juya ta. A wuyanta akwai laya ta mutanenmu a ɗaure, irin wadda uwa ke ba ɗanta idan zai yi tafiya mai nisa. A gindin katakon kuma wani ya sassaƙa sunansa da wuƙa, sunan Ibo. Ya ce, "Ka gani? Ta yi wa wannan aiki, ta yi wa wancan. Ba ta tambayi kowa garinsu ba, kuma ba na jin ko ɗayansu ya koma gida."

A ranar ya zare ƙarfen da ake ja a ɗana ta, ya je bakin kogi ya wurga shi ruwa. Ya rantse ba za ta sake tashi ba. Daga nan duk Babbar Salla, bayan an gama rabon nama, sai ya fito da ita daga uwar ɗaka, ya goge ta da man keken ɗinki, ya tara yaran gida, namu da na maƙwabta, ya nuna musu layar, ya nuna musu sunan. Wa'azinsa ke nan. Da ya rasu ni na gaji ajiyar, har da rantsuwar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shi da ya ɗauka cewa wanda ya ƙone bai ƙara wasa da wuta, ina zai sa kansa idan ya ji cewa ƙauyenmu na arewa, inda muka gudu muka tsira a wancan lokaci, yanzu daga can ake gudowa? Masu harbin namu ne, waɗanda ake harbi namu ne. Ko layar ma iri ɗaya suke ɗaurawa.

Watan jiya jikansa Nura, wanda ke okada, wato acaɓa, a Rumuokoro a Fatakwal, ya iso mini ba ko gaisuwar kirki. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen sun kashe ƙanin mahaifiyarsa a gona, matasa na haɗa 'yan sa-kai, kuma shi ma zai tafi. Ya ce, "Kaka, abeg, ina bindigar nan?"

Na ce masa gawa ce, ƙarfenta na ƙasan Kwara tun kafin a haifi ubansa. Ya ce akwai maƙeri a can da ke ƙera irinsa. Na nuna masa layar, na nuna masa sunan, kamar yadda aka nuna masa yana ƙarami. Ya ce, "Na sani, Kaka. To mu tsaya a yanka mu?"

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ba kawuna aka tsinta a kunyar gero ba. Ina zaune ya naɗe ta a tabarma ya cusa cikin kayan wata motar albasa da za ta koma arewa.

To me ya rage na Yaya Ilu? Rumfarsa tana nan a Ose, matan da iyayensu suka yi ciniki da shi har yau suna ambatonsa da alheri, kuma ban raina wannan ba. Amma abin da ya fi so ya bari shi ne bindiga ɗaya tak a duniya da ta yi shiru, kuma baƙin cikina shi ne ko wannan ba mu iya riƙe masa ba.

Shekaranjiya Nura ya bugo waya, muryarsa cike da murna. Maƙerin ya gama, an gwada ta a bayan gari, ta tashi. Na ce masa Allah Ya tsare.