Mangwaron Kaka Gadina na Gidan Gwamna

Duk wanda ya san Kaka Gadina ya san bai taɓa kiran gwamna da sunansa ba. In rediyo ta ce an rantsar da sabo, sai ya rage murya ya ce, "To, mun yi baƙo." A wurinsa gidan gwamna nasa ne, tunda shi ya raini lambun gidan tun yana saurayi har ya yi furfura. Su kuwa, na soja da na farar hula, kowa da akwatinsa ya zo, da shi ya koma.

Ni jikarsa ce, kuma tunda ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu na gefen Ɗambatta, ni ke kai masa abinci. Tarihin jihar nan kaf a bakinsa na fara jin sa, amma irin nasa. A cikin gwamnonin akwai Mai Yawon Asuba, akwai Wanda Ba Ya Son Ganye a Ƙasa, akwai Mai Raguna. Na ce, "Kaka, wa ya yi titin nan namu?" Ya ce, "Oho! Ni dai na san wanda ya tsaya ya yi mini sannu ina ban-ruwa."

Wata shekara 'yan kamfen suka zo gaishe shi. Ya bar su suka gama zuba, sannan ya ce, "Mutumin naku yana kiwo?" Suka ce sosai ma, Baba, ai manomi ne! Ya ce, "Shi ke nan, fulawar lambuna ta shiga uku. Ku gaida gida."

Abin da ya fi damunsa shi ne wani mangwaro da ya dasa a bayan gidan gwamnan tun zamanin soja. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya kafe: ba zai ƙara shan magani ba sai ya san ko bishiyar tana nan. Ga ƙafa ta kumbura, ga likita yana faɗa. Na yi lallashi har da hawaye. Ya ce, "Amarya, kukanki ba ya ba mangwaro ruwa."

Kawu Sani, ɗan autansa, ya yi dabara. Ya dawo daga kasuwa da mangwaro a leda ya ce daga can aka tsinko. Kaka ya gatsa, ya tauna, ya dube shi. "Sani, wannan na lambun Watari ne, ba nawa ba. Amma akwai zaƙi, miƙo ɗayan."

Dole muka ɗauki shatar mota zuwa birni, ina riƙe da kwalbar maganin a jaka. A bakin ƙofa masu gadi suka gaishe shi da ladabi, suka ce ba a shiga sai da izini. Kaka bai yi musu ba, har yaba musu ya yi. Ya ce wa direba, "Zaga ta baya, yaro, ka bi katanga a hankali."

Muna cikin tafiya ya ce a tsaya. Ga bishiyar can, ta zarce katangar, ganye shar, rassa sun leƙo titi. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Na zaci addu'a yake yi. Can sai ya ce, "Kai! Dubi yadda suka bar ta ba aski. A faɗa wa baƙon nan ya sa a rage mata na ƙasan." Sannan ya miƙo mini hannu ba tare da ya juyo ba. "Kawo abin naki mai ɗacin."

Ya sha, bai ƙara yi mana gardamar magani ba har damina ta wuce, Allah Ya karɓi abinSa.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa kurakuransa. Duk wanda ya huta a ƙarƙashin abin da ya dasa, Allah Ya kai ladan kabarinsa, Ya sa shi a inuwar Al'arshi. Amin.