Saiwar da na kai wa Lawali

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Lawali. Tare muka baro Damagaram. Ni na tsaya Paris ina wanke tukwane a gidan abincin Shinuwa, wato 'yan ƙasar Sin, shi ya wuce Lyon yana aikin gini. Sanyi ya ci mana gwiwa mu duka.

Wani tsohon Shinuwa da ke mana girki a gidan abincin ya ba ni wata baƙar saiwa ta ƙasarsu. Ya ce can ana shan ta don ciwon gaɓoɓi, amma ɗanyarta guba ce, sai an tafasa ta awa biyu. A gabansa na dafa, na sha. Gwiwata ta yi sauƙi. Sai na ɗauki sauran na hau jirgin ƙasa na kai wa Lawali.

Na gaya masa zancen tafasawa. Ya yi dariya.

"Kai, ɗan birni! Wa ya taɓa dafa saiwa kamar ƙafar saniya? Wuta kashe ƙarfin magani take yi."

Haka muka tashi muka gani a gida, jiƙawa ake yi a sha. Ban yi gardama ba. Na koma Paris.

Ya jiƙa ta a kwalba. Kwana uku bayan haka, da hantsi, ya kira ni ya ce leɓensa da harshensa sun mutu. Na ce ya sha madara. Abin da na ce ke nan. Kafin la'asar zuciyarsa ta tsaya a asibiti.

Har yau ban gane ba. Tsohon bai yi ƙarya ba. Lawali ma abin da kakanninsa suka yi ya yi. Saiwa ɗaya, ni ina hawa bene da ƙafata, shi yana ƙasa. Da zai dawo, ban sani ba ko zagina zai yi ko dariya.

'Yarsa Rakiya yanzu tana Villeurbanne, tana karatun haɗa magunguna. Dariyarsa gare ta, da taurin kansa. Da sallar bara ta ce mini, "Baba, wa ya ba shi abin nan? Kowa na tambaya sai ya ce bai sani ba."

Na ce ni ma ban sani ba.

Allah ya jiƙan Lawali. Rakiya, ni ne. Lambata ba ta canza ba.