Mai Gyaran Wayar da Na Zarga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, ƙanwata ta kira ni ta ce Allah ya yi maka rasuwa, kai mai gyaran waya na bakin layinmu, bayan jinyar kwana biyu. Ban gaskata ba sai da na buga lambarka, matarka ta ɗauka.

Ka san halina. Tun da na rasa idona na daina yarda da mutane. Wayata ke karanta mini komai, yatsana ya haddace mazaunin kowane maɓalli. Sai ta fara yi mini tsiya: in taɓa inda na saba, ta faɗi wani abu daban. Saƙon da na yi wa likita ya tafi wajen surukina. Na ce matata ke yi mini bincike tana hargitsa ta. Ta rantse, na ƙi ji, har ta haɗa kayanta ta tafi gidan yayanta.

Da na zo shagonka ma ban sakar maka wayar ba, don na sha jin masu gyara na musanya kaya, su leƙa sirrin mutane. Ba ka yi fushi ba. Ka ce, "Riƙe abarka, Malam. Zauna, ka yi yadda ka saba."

Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce, "Ba wanda ya taɓa ta. In ka jingina, hannunka karkacewa yake, sai fuskar wayar ta juya a kwance, komai ya bar wurinsa." Ka kama yatsana ka kai shi inda ake kulle juyawar, sau uku, har na iya da kaina.

Duk da haka na tambaye ka ko matata ce ta riga ni zuwa kuka haɗa baki. Ka yi dariya ka ce, "Je ka gwada kwana uku." Na gwada bakwai, wayar ba ta sake yi mini tsiya ba. Daga nan na tafi gidan yayanta biko, ta dawo. Kai kuwa kullum na wuce shagonka sai in ce gobe zan tsaya in ba ka haƙuri.

Ka yafe mini mugun zato. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa kyawun halinka ya bi ka. Matarka da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙurin rashi, ya raya abin da ka bari.