Hula Ɗaya ta Irin Dawa

Ina da shekara huɗu mahaifina ya rasu, don haka ban san fuskarsa ba. Bai bar hoto ba, gonar kuma an raba ta tun ban yi wayo ba. Abin da na gada daga gare shi labari ne guda ɗaya, na kuwa riƙe shi fiye da yadda wasu ke riƙe takardar gona.

Wata shekara aka yi fari a ƙauyenmu da ke bayan Bakori. Mutane suka cinye abin da ke rumbu, suka koma kan irin shuka, shi ma suka cinye. Mahaifina ya zuba irin dawarsa a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya haƙa rami a zaure ya binne, ya shimfiɗa buzun sallarsa a kai. Ana wuni da yunwa a gidan, bai tona ba. Da ruwan shuka ya sauka sai ya fasa tulun, ya cire hularsa ya riƙa aunawa, kowane magidanci hula ɗaya. Da aka zo kansa, abin da ya rage bai kai rabin hula ba.

Wanda ya ba da labarin aminin mahaifina ne, wani dillalin hatsi a kasuwar Bakori. A zaman makoki ya fara faɗa, da na yi wayo kuma ya maimaita mini ba sau ɗaya ba. Mahaifiyata ba ta ga abin ba, domin bayan farin aka auro ta, amma duk sanda na yi rowa sai ta ce, “Ɗan mai hula ne ke hana ƙanensa gyaɗa?”

Na girma na zama malamin Hausa a wata sakandare a Funtua, na kuma shiga rubutu. Littafina na farko a kan wannan labarin na gina shi. Ba zan ɓoye ba, na yi ta hura hanci da shi. A taron ƙungiyarmu ta marubuta ni ne mai yi wa matasa faɗa. Wannan ya kwaso daga fim, waccan ta kwafo daga abin da ta karanta a waya, sun canza wa jarumi suna da riga sun ce sabo ne. Nakan ce musu kowa ya koma gidansu ya tono abin da babu a gidan kowa, kamar yadda na yi. Har tsoron ba ni rubutu suke yi, ni kuma abin yana yi mini daɗi.

Bara muka shirya wata ’yar gasar gajerun labarai, aka sa ni alƙalanci. Cikin abin da aka turo akwai na wata yarinya daga Tsiga mai koyon aikin jinya. Ina fara karantawa na gane labarina ne. Ga fari, ga tulu, ga ramin zaure, ga buzu, ga hula. Sai dai ita ta ce kakanta ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta fi ni iya ba da shi. Ta sa matar gidan ta tsaya a bakin zaure da ƙwarya a hannu tana kallon buzun, ba ta ce komai ba. Ni ban taɓa tunanin matar ba.

Ranar bayyana sakamako, a gaban jama’a, na kira ta ta miƙe. Na karanta sakin layinta, na karanta nawa.

“Malam, wallahi ban taɓa karanta littafinka ba,” in ji ta. “Kakana ne. Kowa a gidanmu ya sani.”

Aka yi dariya, ban san ko ni ake wa ko ita ba.

“Har hular ma ta kakanki ce?” na ce. “To ubana aro ya je yi Tsiga?”

Na cire ta daga gasar. Ta naɗe takardunta ta cusa cikin hijabi ta fita, ba ta sake zuwa taro ba. Na koma gida ina jin na kare mutuncin mahaifina.

Bayan kaka mahaifin wani abokin aikina ya rasu a wani ƙauye kusa da Kafur, muka je ta’aziyya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kamar yadda aka saba, duk wanda ya yi addu’a sai ya ɗan faɗi alherin mamaci. Wani tsoho da ban taɓa gani ba ya gyara zama ya dubi ’ya’yan, ya ce su ba su san wane ne ubansu ba. Ya fara da shekarar fari. Da ya ambaci tulu na ɗago kai. Da ya zo kan buzu, bakina ya riga shi faɗin abin da ke gaba. Sai ya cire tasa hular ya nuna yadda aka riƙa aunawa. Abokin aikina ya sunkuyar da kai yana share hawaye da bakin riga.

Ranar kasuwar Bakori na hau mota na tafi neman dillalin nan. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, yana zaune a rumfar ɗansa tsakanin buhunan masara, ana ciniki a kansa ba ya sa baki. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane muryata.

“Baba, labarin hular nan, a gabanka aka yi?”

Ya yi ’yar dariya. “Halan ka ji shi wani wuri.”

“A Kafur. An ba wani.”

“Ɗana, ni ma a zaman makokin ubana na ji shi.”

Raina ya ɓaci har na manta da wa nake magana. “Ashe ƙarya ka yi mani shekara da shekaru, Baba? Na sa a littafi. Na ci mutuncin ’yar mutane a kanshi.”

“Na iske ku zaune kamar ’yan tsaki, uwarku na kuka. Mutumin kirki ya tafi bai bar komai ba. Me kake so in ba ku? Da farin ya iske shi da iri a hannu, abin da zai yi ke nan. Na san halinshi.”

“To wa ya yi tun farko?”

“Wani dai ya yi. Allah ya san shi.”

Na ce to ya bar batun hula, ya faɗa mini abu ɗaya da mahaifina ya yi shi da kansa, komai ƙanƙantarsa. Ya daɗe yana murza ƙwayar masara a tsakanin yatsu.

“Dogo ne,” ya ce. “Yana son rake. In ya shigo kasuwa ba ya taya komai sai ya sha rake.” Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa, “Ko kuwa ƙanenshi ne mai raken? Yau da gobe, ɗana. Sun tafi da yawa.”

A motar komawa Funtua na yi kukan da ban yi ba ina ɗan shekara huɗu. Wata mata da ke kusa da ni ta yi mini gaisuwa, ta ɗauka yau aka yi rasuwar.

Na gwada rubuta dogon mutumin nan mai rake. Ban cika shafi ba na lura tafiyar da na ba shi ta maƙwabcina ce, muryar kuma ta wani tsohon hedimastanmu. Na yaga. A da na raba labarai gida biyu, na sata da na gado, na zauna a kan na gado ina hukunta mutane. Yanzu ban san inda zan sa nawa ba. Ban sata ba, kuma ba nawa ba ne. Har yau in na shiga gari wasu na ce mini ɗan mai hula, ina amsawa, don ban san me zan ce su kira ni ba.

Saura yarinyar. Na karɓi lambarta a wurin sakataren ƙungiyarmu, ta yi wata biyu a wayata. In na ce mata ba ta yi sata ba, dole ta tambayi yadda aka yi labarin ya zo ɗaya. In na faɗa mata gaskiya, na wanke ta daga sata na kuma raba ta da kakanta, kamar yadda aka raba ni da ubana a tsakanin buhunan masara. Ni na san nauyin wannan, ita ba ta sani ba.

Makon jiya na kira ta bayan na taso daga makaranta. Ta gaishe ni da ladabi, muryarta a sanyaye. Na ce na yi mata ba daidai ba, na tabbata ba ta taɓa littafina ba, ta yafe mini.

Ta ce, “Malam, ka yarda ke nan kakana ne?”

Na buɗe baki da niyyar in yi mata bayani. Na tuna tsohon nan da ’yan tsakinsa.

“Kakanki ne,” na ce.

Na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ta yi godiya, ta ce daman ta san kakarta ba za ta yi mata ƙarya ba. Sannan ta roƙi abu ɗaya, tunda a gaban mutane aka kira ta ɓarauniya, in faɗa a gaban mutanen. Na ce to.

Ranar Asabar ne taron. Za su tambaye ni, in kakanta ne, to ubana fa, me ya yi? Abin da nake da shi kawai shi ne, ubana dogo ne.