Gadon da Likita Ta Ce Akwai

'Yar ƙanena tela ce. Unguwa duka Mai Zare ake ce mata, don ko gaisuwa ta fito za ka ga zare manne a gefen mayafinta. Ni na riƙe ta tun tana shekara tara, bayan mahaifiyarta ta rasu da ciwon nan na ƙwaƙwalwa da ba a son faɗin sunansa. Da maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, ƙarar kekenta ce ta riƙa ɗebe mini kewa har ta yi aure.

Wata biyu da haihuwarta keken ya yi shiru. Ta daina barci, ta daina magana. Na same ta zaune gaban keke da rigar jariri a ƙarƙashin allura, ƙafarta a kan mataki, ba ta takawa.

Uwar mijinta ta riga ta yanke hukunci. In ciwon uwarta ne ya biyo ta, za ta ɗauke jaririyar ta raine ta a gidanta, kafin ita ma ta sha shi a nono. Na roƙe ta mu je asibiti tukuna. Ta ce, "Mu je, Gwaggo. Amma abin da likita ya faɗa, shi ke nan."

Muka sami likitar, mace ce, fayil tuli a gabanta. Ta yi wa Mai Zare tambayoyi, amsa na fitowa da ƙyar. Tana cikin rubutu uwar miji ta sunkuyo.

"Likita, tsakaninki da Allah, akwai gado?"

"Akwai," in ji likita, ba ta dube ta ba.

Uwar miji ta miƙe, ta zare jaririyar daga cinyar uwarta. Mai Zare ba ta yi ihu ba. Hannuwanta suka tsaya yadda suke, kamar har yanzu da yarinya a cikinsu.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na ga inda idon likita ya je lokacin da ta amsa: ƙofar ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya. Na ce, "Likita, gafarta mini. Wane gadon? Na kwanciya, ko na uwa?"

Ta ajiye biro. "Subhanallahi. Na kwanciya nake nufi, Mama. Kuma ba ta ma buƙatarsa."

"To ɗayan fa?" in ji uwar miji daga bakin ƙofa.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, da hannunsa a ciki. Amma zauna." Ta juya ga Mai Zare. "Kekenki, kalar ɗinki nawa yake yi?"

Har na fid da rai, sai Mai Zare ta ɗago kai.

"Goma sha biyu."

"Duka a lokaci ɗaya?"

"A'a. Sai wanda aka murɗa."

Likita ta ce haka ƙwayoyin gado suke a ƙwaƙwalwa. Ana haifar mutum da su, amma ba duka ke aiki kullum ba. Rashin barci, tashin hankali da sauyin jiki bayan haihuwa kan taɓa wasu. Magani da kwanciyar hankali kan taimaka a daidaita. Ta ce masana ba su gama gane abin ba, amma gadonsa ba ya nufin dole a yi shi, kuma ba a shansa a nono. Za ta zaɓi maganin da ya dace da mai shayarwa.

"In kuma kika raba ta da 'yarta," ta ce wa uwar miji, "ina tsoron ke za ki murɗa mata shi."

Uwar miji ta ce, "Ni? Ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba."

Ba wanda ya yi dariya. Jaririyar ta fara kuka, tana lalube a ƙirjin kakarta. Matar ta jijjiga ta, ta jijjiga, kukan ya ƙi tsayawa. Daga nan ta tako, ta sa ta cikin hannuwan nan da ba su sauka ba.

"Ungo. Amma kullum da hantsi zan zo in riƙe ta, ke ki yi barci. Kin ji ko?"

"Na ji, Umma."

Sai da muka yi sati bakwai kafin na sake jin ƙarar keken. Rigar jaririn nan ta fara ƙarasawa, ko da yake ta riga ta yi wa yarinyar kaɗan.