Baba Kafinta da Tebur Mai Ƙafa Ɗaya

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Afrilu na shekarar 2003, Akawu ya fara haɗuwa da mutumin da daga baya ya zama surukinsa. Durowar teburinsa ta ofis ce ta ƙi buɗuwa, aka kira kafinta. Sai ga wani gajeren dattijo ya shigo, fensir a bayan kunne, aljihun rigarsa ya yi nauyi har ya rinjayi kafaɗa ɗaya. Bai ko kalli durowar ba, sai ya dafa teburin ya girgiza shi, ya ja tsaki.

"Wa ya yi muku wannan?"

"Sayo shi aka yi," in ji Akawu.

"Ai na gani. Da wanda ya yi shi yana nan, da ya ji kunya."

Ya gyara durowar, ya kuma ƙara da abin da ba a sa shi ba, ya daidaita ƙafafun teburin. Bayan shekara biyu Akawu ya auri 'yarsa, wadda ake kira Anti Nas saboda aikinta na asibiti, shi ma ya koma kiransa Baba kamar kowa.

Baba Kafinta mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ya je gidanka gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa ya riga ya ɗaure maka hannun ƙofa. Sufana da sukurudireba ba sa barin aljihunsa, ko ina za shi. A falonsa kuwa akwai wani tebur da ya yi da hannunsa, mai cin mutum goma sha biyu, wanda sai da aka cire ƙofa kafin ya shiga. Don 'ya'yansa da jikokinsa ya yi shi. Tun rasuwar matarsa teburin bai sake cika ba.

Dalili kuwa 'ya'yansa maza biyu ne, Dogo da Auta. Dogo direban babbar mota ne, yana kan hanya lokacin da ciwon mahaifiyarsu ya yi tsanani. Auta ne a wurinta a asibiti, bai kira shi ba. Ko da Dogo ya iso, komai ya riga ya wuce. Tun daga nan ba sa ga-maciji. In Dogo ya zo gidan Baba ranar Asabar, Auta sai Lahadi. In wannan ya hango motar wancan a ƙofar gida, sai ya wuce kamar ya yi ɓatan hanya.

Wata rana da yamma Baba ya kira Akawu, ya zaunar da shi a bakin wannan dogon teburin.

"Akawu, hannuna ya fara rawa, ka gani. Ba na neman su rungumi juna. So nake in gan su a tebur ɗaya suna cin abinci, sau ɗaya, kafin in bi uwarsu."

Akawu ne ya kawo shawarar gidan boga. A gidan Baba ba za su haɗu ba, gidan juna kuwa ba a ma maganarsa. Amma jikoki sun daɗe suna nacin a kai su wurin nan mai jan fenti a bakin babban titi, inda ake sayar da burodi mai zagaye da nama a tsakiya, da soyayyen dankali. Babu uban da zai iya cewa 'ya'yansa a'a alhali 'yan uwansu duk za su. Akawu ya buga waya ya tambaya ko akwai wurin mutum goma sha bakwai, aka ce masa akwai, har da ƙari.

Wuri kam akwai. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, teburan ƙanana ne, na mutum huɗu-huɗu, kowanne da ƙafa ɗaya ta ƙarfe a tsakiya, an ɗaure ta da ƙasa da noti. Akawu ya kama ɗaya ya ja, ko motsi bai yi ba.

Kafin ya gama tunanin abin yi, jama'a sun watse. Dogo ya kwashe iyalinsa ya zauna kusa da ƙofa, ya ba ɗakin baya. Auta ya wuce can ƙurya wajen taga. Yara suka ruga wurin wasa suna ihu. Baba Kafinta ya tsaya a tsakiya, ya duba nan ya duba can.

"Ina teburin namu?"

"Baba, haka nasu suke, ba sa haɗuwa," in ji Akawu.

"Tebur ne ba ya haɗuwa? Tun kafin a haife ka nake haɗa tebur."

Sannan aka shiga wahalar odar abinci. A wurin ba a zuwa a tambaye ka, kai za ka je gaban kanta, wurin masu sayarwa, ka faɗa, a ba ka lamba, ka jira a kira. Akawu ya bi tebur-tebur yana tambaya, kiɗa na tashi har sai ya ɗaga murya. Wannan ba ta son albasa. Wancan yana son cuku biyu. Matar Dogo ta ce na kaza, da ya kai kanta ta aiko a ce ta fasa, na nama take so. 'Yar Auta ƙarama ta ce ita dankali kawai, da ta ga na 'yar uwarta ta fashe da kuka. Abincin kuma ba tare yake fitowa ba. A kira lamba ɗaya, mutum biyu su tashi, su dawo da tire guda. Kafin na ƙurya su samu nasu, na bakin ƙofa sun cinye suna goge hannu.

Baba ya zauna a teburin tsakiya da 'yarsa, ya buɗe takardar bogarsa ya leƙa ciki.

"Wannan ta ina ake fara shi? Ya fi bakina tsawo."

"Danne shi za ka yi, tsoho," in ji babbar jikarsa tana dariya. "Ko in tauna maka?"

"Ke tafi can, haƙoranki ma na aro ne, duk an ɗaure su da waya."

Dariyar ba ta kai masa ciki ba. Ya aika Anti Nas ta kira Dogo, Dogo ya ce yana zuwa, bari ya gama. Ya aika ta wurin Auta, Auta ya ce yarinya na kuka, ba zai iya tashi ba. Sai Akawu ya ga Dogo ya zaro makullin mota ya ajiye kusa da tirensa. Baba ma ya gani.

A daidai lokacin aka kira lambar ƙarshe, Akawu ya tafi kanta. Da ya juyo da tire a hannu, bai ga surukinsa a kujera ba. Ƙafafunsa kawai ya hango, sun leƙo daga ƙarƙashin teburin da ke maƙwabtaka da nasu, wanda yaran suka jibge kofunan lemo a kai.

"Baba! Me kake yi?"

"Noti huɗu ne kawai. Yanzu zan matso da shi."

Bai rufe baki ba teburin ya tafi. Ashe ƙafar ba ta da gindi mai faɗi, notin ne kaɗai ke riƙe da ita. Kofuna suka zube, lemo ya malale har ƙarƙashin kujerun wasu baƙi, faifan teburin ya nufo kan tsohon. Dogo ne ya fara isowa, ya tare gefe ɗaya. Auta ya tsallake kujera ya cafe ɗaya gefen. Suka tsaya fuska da fuska, teburi a tsakaninsu, ubansu a ƙasa.

Manajar wurin ta fito da sauri, wata mata mai jar hula, ranta a ɓace.

"Wa ya kwance mana tebur? Malam, nan gidan abinci ne ko shagon kafinta?"

Akawu ya shiga ba da haƙuri, ga tire a hannu ya rasa inda zai ajiye, ga mutane sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Yi haƙuri 'yata," in ji Baba daga ƙasa. "Ni na kwance, ni zan mayar. Ku kuma ku riƙe da kyau, in kun saki kaina zai faɗo."

Suka riƙe. Dogo na kallon silin, Auta na kallon lemon da ya jiƙa masa takalmi.

"Ɗaga naka gefen," in ji Dogo.

"Ai na ɗaga."

"Bai kai ba."

Abin da ya fara shiga tsakaninsu ke nan tun rasuwar mahaifiyarsu. Aikin kuwa ya ƙi ƙarewa. Manaja ta tafi ta dawo da mai goge ƙasa, ta sake tafiya ta dawo, har yanzu tsoho na ƙasa yana cewa noti ɗaya ya gangara, a duba masa. Akawu ya ajiye tiren ya durƙusa don ya taya shi nema. Sai ya ga uku a ɗaure tsaf, na huɗun kuwa yana cikin tafin hannun Baba, ya damƙe shi. Tsohon ya kwanta rigingine a cikin lemo, ya kasa kunne sama. Ya kalli Akawu ya ɗora yatsa a baki.

Can sai muryar Auta, ƙasa-ƙasa.

"Yaya, Mama ce ta ce kada a kira ka. Ta ce kana tuƙi, hankalinka zai tashi a hanya."

Teburin ya ɗan yi rawa.

"Kai kuma sai ka ji maganarta," in ji Dogo.

"Ban san ba za ta kai safiya ba."

Baba ya jira. Akawu ma ya jira, gwiwoyinsa a jiƙe. Dogo ya buɗe baki, sai manajar ta sunkuyo.

"Baba, in ba za ka iya ba ka fito, na kira mai gyaranmu. Mutane na jiran wuri."

Ba yadda ya iya. Ya ɗaura notin, suka kama shi suka tayar. Dogo ya saki teburin, ya karkaɗe wa ubansa baya, ya ce, "Baba, ka daina irin wannan, girma ya zo." Ya ɗauki makullinsa ya tattara iyalinsa. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, bai juyo sosai ba, ya ce, "Auta, a sauka lafiya." Ya fita.

A mota Baba ya zauna a gaba, rigarsa na ɗanƙo, bogarsa a cinya cikin takarda, ko gutsira bai yi ba. Da suka yi nisa sai ya ce:

"Da matar nan ta ƙara mini minti biyar."

"An dai fara, Baba," in ji Anti Nas.

"A tsaye suke. Ni a zaune na ce."

Baba Kafinta ya rasu ranar tara ga watan Nuwamba na shekarar 2019, bayan gajeriyar jinya. A wannan karon Auta ya kira Dogo tun ranar farko, kuma ya iso da sauran lokaci. Yanzu suna gaisawa in sun haɗu, 'ya'yansu na zuwa gidajen juna, amma har yau ba su zauna cin abinci tare ba. Dogon teburin babu wanda ya ɗauka a cikinsu. Yana gidan Akawu, an jingina shi da bango saboda ya yi wa falon girma, a kansa ake guga.