Ramin Takin Zaituna

Lokacin da nake takabar Malam, Allah ya jiƙansa, ko bakin ƙofa ba na fita. Wata safiya na ga hannu ya ratso zanar da ta raba gidana da na maƙwabta, riƙe da ɗaurin lalo, raɓa ba ta ma bushe a kansa ba. Babu sallama, babu magana. Na gane hannun Zaituna ne saboda baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin farcenta. Haka ta riƙa yi har na fita takaba, kuma ba ta taɓa tsayawa na yi mata godiya ba.

Zaituna 'yar Mafaza ce, can bakin kogin Rahad. Kakanninta sun taso daga yamma da niyyar Makka, hanya ta ajiye su a nan Sudan kamar namu. Aure ya kawo ta Gadarif. Mijinta mai yankan riɗi ne a gonakin Fashaga, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Mutaz, da guttiyya, wato bukka mai jinkar ciyawa, da ɗan fili a bayanta.

A wannan filin ta haƙa rami, kamar yadda ta ga mahaifinta yana yi. Ɓawon albasa, ganyen shayin da aka gama dafawa, tukar gahawar jabana, toka, kashin awaki, karan dawa da ta daddatse, duk can suke zuwa. Mata masu shayi na bakin tasha sun san ta, suna tara mata a gwangwani. Takan juya shi da shebur, ta yayyafa ruwa, ta rufe da tsohon buhu. Idan shekara ta zagayo sai ya koma baƙin taki, mai ƙamshin ƙasar farkon damina. Da shi take noman kuɓewa da lalo da jirjir, ganyen da ake ci ɗanye. Ruwan alwalarta ma a kwano take tarewa ta zuba a gindin kuɓewa, don ruwa a garin nan sai an jira mai karo, amalanken jaki da ke kawo shi. Ban taɓa ganinta ta sayi kayan miya ba, sai gishiri da mai.

Da yaƙi ya tashi a Khartum, Mutaz ya turo matarsa Manahil da jaririnsu, shi ya tsaya can. Manahil tashin birni ce, Hausarta kaɗan, yarinya mai kunya. Ita da surukarta gaisuwa ce kawai tsakaninsu, kowa na sunkuyar da kai. Komai ya yi tsada, gari ya cika da baƙi, amma tukunyar gidan ba ta kwana da yunwa ba. Ramin nan ne yake ciyar da su.

Sai damina ta zo da amai da gudawa. Aka fara ɗaukar mutane zuwa wurin killacewa. Lajna, wato kwamitin unguwa, ta ce a ƙone duk zibala, sharar da ake tarawa, a cike duk wani rami mai tara ƙuda. Zaituna ta ce nata ba zibala ba ne, aka ƙyale ta don girmanta. Ana nan sai ciwon ya kama Lamis, 'yar Harisu, wanda gidansa ke manne da bayan gidan Zaituna.

Da hantsi na ji ana buga ƙofarta da ƙarfi. Na ja mayafi na shiga. Harisu ne da mutanen lajna, kowa da shebur. Idanunsa sun yi ja, rigarsa ta jiya ce a jikinsa.

"Hajja, yau za a cike ramin nan," in ji shi. "'Yata tana can an ɗaura mata ruwa, ke kina nan kina kiwon ƙuda."

"Allah ya ba ta lafiya, Harisu. Amma ka duba, ka ga ƙuda? Ramina zafi yake yi, ƙuda ba ya zama."

"Ni ban zo karatu ba. Ki matsa."

Ba ta matsa ba. Ta tsaya a bakin ramin, ƙarama da ita, tobinta na lulluɓi ɗaure a ƙugu. Ta ce idan aka cike shi, takin baɗi ya tafi, kuma ba ta san abin da za ta ba baƙinta ba. Wani dattijo a cikin lajnar ya ce, "Ya Hajja, ki rantse babu najasa a ciki, mu tafi. Mun san ki."

"Ba sai na rantse ba. Tun da na haƙa shi, abin da ya fito daga jikin ɗan Adam bai taɓa shiga ba. Ko ƙashin nama ba na sawa. Ku ba ni shebur, ku gani da idonku. Idan kun ga ƙazanta, ni da kaina zan cike."

Harisu ya miƙa mata nasa. Ta yaye buhun, ta fara juyawa. Tururi ya tashi. Ta ɗebo da hannu ta kai wa dattijon hanci, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Na ga kafaɗun mutanen sun fara sauka. Wani ma ya jingina sheburinsa da zana. Harisu ya juya yana kallon ƙofa.

Ta sake nutsa shebur a gefen da ke kusa da ɗakin Manahil. Ni ce a wannan gefen. Na ga wani farin abu ya leƙo daga cikin baƙar ƙasar, a naɗe. Famfas ne na jariri. Ta ƙara taɓawa kaɗan, ga wani a ƙarƙashinsa.

Ita ta gani, ni na gani. Mazan suna can ɗaya gefen suna magana. Shebur ɗaya na ƙasa ya isa ya rufe shi. Ta ɗago ta dube ni. Ta sake duban ramin.

Sai ta ɗago famfas ɗin a kan shebur, ta ajiye a gaban Harisu.

"Ga shi. Ban san da shi ba, amma a ramina yake."

Daga ƙofar ɗaki muka ji kuka. Manahil ce, goye da ɗanta, tana magana da Larabci tana haɗawa da Hausa. Ta ce ta ga kowa yana zuba shara a nan, ta ɗauka ramin zibala ne. A Khartum mota ke zuwa ta kwashe. Yaron ya yi gudawar haƙori, ta ji kunyar surukarta ta ga ƙazantar, shi ya sa take tona can ƙasa tana binnewa.

Harisu ya yi kanta. "Ke ce za ki kashe mini 'ya..."

"Harisu!" Ban taɓa jin Zaituna ta ɗaga murya ba sai ranar. "Baƙuwata ce. Ba ta sani ba, don ban gaya mata ba. Duk hillar nan, kowa a unguwa ya san dokar ramin, ban tuna akwai wanda bai sani ba. Da ni za ka yi."

Ya tsaya yana huci, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da hannu.

Zaituna ce ta fara zuba ƙasa. Suka kawo farar ƙasa suka barbaɗa, suka cike, suka tattake. Takin da ya kusa nuna ya tafi gaba ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Da suka fita ta wanke hannu da sabulu, ta shiga ɗakin Manahil, abin da ba ta saba yi ba. Na ji tana cewa, "Taso, 'yata, ki ba yaron nono."

Lamis ta warke, alhamdu lillahi. Har yau babu wanda ya san inda ta ɗauki ciwon, wasu sun ce ruwan karo ne. Lajna ta hana haƙa rami sai annoba ta wuce, Zaituna ta ce ta ji. Kuɓewar da ke tsaye za ta kai su kaka. Bayan nan kuwa, ƙasar gidan idan ba taki tsagewa kawai take yi.

Wata rana bayan la'asar ina share wurin akuyata, sai na ji Zaituna a jikin zana.

"Ummuhani."

"Na'am, Yaya."

"Kashin akuyar nan, kada ki ba masu yaɓen bango bana. Ki shanya shi ya bushe sarai, ki zuba a buhu, ki ɗora a sama inda ruwa ba zai taɓa ba. Ki ajiye mini har a ba ni izini. Idan ya yi miki wari ki faɗa mini, kada ki ji kunyata."